Hatsin da Na Sa wa Suna Biyu

Abu guda nake so a ce ban yi ba cikin shekarun da na kwashe ina nemo wa ƙungiyarmu taimako a wurin kamfanoni. Na ɗauki hatsi ɗaya na sa masa suna biyu. A ofishin kamfani na kira shi sadaka, a ƙauye na kira shi gudummuwa. Da sanina na yi, ba wanda ya ruɗe ni, kuma abin da na dogara da shi shi ne mutanen ƙauyen ba su karanta boko. Na faɗa tun farko don kada ku ji a bakin wani ku ce tsoho ya ɓoye. Amma ku samarin da kuka shigo ƙungiyar nan da wayoyinku masu shafawa, kada ku ɗauki laifina ku shafa wa sana'ar. Ran nan na ji ɗayanku a bakin ƙofa yana cewa aikin Baba Illa ai roƙo ne da riga mai guga. To, ku zauna mai roƙon ya ba ku labari.

Aikina na farko, Hajiya Zali ce ta ja ni. Ita ta kafa ƙungiyar nan a Madawa bayan ta bar aikin ungozoma a likita, wato asibiti. Muna neman kwanon rufi ne don a yi wa masu jinya rumfa, su daina kwana a ƙarƙashin itace. Ta kai ni wurin wani mai gidajen mai. Kwana uku muna zuwa muna zama a kan benci. Ni na ƙosa, na ce mata mu tafi, mutumin nan ba ya son ganinmu. Ta dube ni ta ce, “Illa, kai benci ya gajiyar? Ashe ba ka fara aiki ba.” Kullum in mun zo, maigadi take fara gaidawa. Ta ba shi goro, ta tambaye shi ƙafarsa mai ciwo. Rana ta uku maigadin ne ya raɗa mata cewa maigida ya dawo daga Tawa da fara'a, yau ce ranar shiga. Da muka shiga ba ta buɗe dosiyen takardunmu ba, ba ta ambaci kwano ba. Tambayarsa ta yi ina mahaifiyarsa ta kwanta lokacin da aka yi wa ƙanwarsa aiki. Ya ce a tsakar rana, a kan tabarma. Kwanon ya iso kafin sati.

Kayan aikina ba su da yawa. Jakar fata, dosiye cikin leda saboda zufa, tampon ƙungiya, wato hatiminmu, da tawadarsa, da tsohuwar moto da ta san ramukan hanyar Buza fiye da ni. Riguna biyu na ware don aikin. Ba ka shiga ofis da rigar da ta fi ta direkta, ba ka kuma shiga da wadda za ta sa a ce ka jira a waje. Faransancina na aji shida ne, don haka duk takardar da na rubuta sai na kai wa wani mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya gyara mini kafin in buga tampo. Ban taɓa jin kunyar wannan ba. Takarda ba ta taɓa buɗe mini ƙofa ba, ƙafa da sanin mutane suka buɗe.

Masu kamfani kuwa kowa da inda ake kama shi. Manyan ƴan albasa ba a zuwa musu ranar lodi, sai motoci sun dawo daga kudu lafiya. Kamfanin waya yana son sunansa a bango da fenti mai haske, ka ba shi bangon, ba abin da ya rage ka. Mai motocin sufuri ba zai ba ka ko dala ba, amma zai kai maka siminti har Tabotaki kyauta in ka san ranar da motarsa ke tafiya wayam. Mai kantin magani yana da kayan da suka kusa lalacewa, sai ka iya duba kwanan wata kafin ka yi godiya. Wannan duka ba a waya ake koyonsa ba. Shekaru na yi ina bayan Hajiya ina riƙe mata jaka kafin ta bar ni in shiga ofis ni kaɗai.

Sai shekarar da aka rufe iyaka. Motoci suka tsaya, albasa ta ruɓe a rudu, rumfar ajiyarta, har wari ya hana mutane wucewa ta tasha. Ƴan bida da suka tafi ci-rani suna aiko wa gida suka daina aikowa. Damina kuma ba ta cika ba a arewacin Keita. Kalma ɗaya kowa ya koya a shekarar: kiriz, wato kuɗi sun tsuke. Direkta ya ce akwai kiriz, sakatare ta ce akwai kiriz, har maigadin da ke karɓar gorona ya koyi ɗaga hannu tun daga nesa yana cewa, “Baba Illa, kiriz!” Waɗanda suka saba ba mu, wasu suka sallami ma'aikata, wasu suka rufe ofis gaba ɗaya. Ban ga laifinsu ba. Amma a lokacin ne masu zuwa ƙofarmu suka ninka. Haka aikin yake: ranar da aka fi buƙatarka ita ce ranar da ba mai son ganinka.

Cikin wannan rani wani dattijo ya zo ofishinmu daga wani ƙauye bayan Tamaske. Ba zan faɗi sunan garin ba. Sunansa Agali, dogo, siriri, da rawani da sanda. Hajiya ta ba shi kujera, ya ce tabarma ta ishe shi.

Ya ce, “Hajiya, ba roƙo ya kawo ni ba. Muna da fako bayan gari, ko ciyawa ba ya fiddawa. Mun fara haƙa ramuka masu siffar rabin wata, muna jera duwatsu don ruwa ya tsaya. Amma rumbuna sun yi ƙasa. In ba abin kai wa baki, samari za su tahi bida su bar mu da diga. In akwai wanda zai kama muna, shi da hatsinai, mu da ƙarfinmu, in fako ya yi kowa ya ga hannunai ciki.”

Hajiya ta ce za mu nema.

Ya ce, “Amma gudummuwa, Hajiya. Garinmu ba mu cin sadaka.”

Ni na yi dariya na ce, “Baba, a shekarar nan har hatsi sai an zaɓa masa suna?”

Bai yi dariya ba. Da na ɗauke shi a moto zuwa tasha ya ba ni labarin. Kakanninsu sun yi noma a ƙarƙashin masu raƙuma na arewa. In kaka ta yi, iyayengiji su zo su kwashe dammunan hatsi. Sannan a tara mutane a fili, a kira kowa da sunansa, ya durƙusa, a zuba masa ɗan abin da zai ci, a ce sadaka ce, ya yi godiya. Hatsin da ya noma da hannunsa. Ya ce mahaifinsa ya ga ƙarshen wannan da idonsa, kuma tun daga nan dattawan garin suka ɗaure magana: gudummuwa suna karɓa, don abu ne na tsara da tsara, yau ka kawo mini gobe in kai maka. Amma ba wanda zai sake kiran sunansu a fili ya miƙa musu sadaka. Na ji shi da kunnena, kan moto, yana riƙe da kafaɗata. Ba zan ce ban sani ba.

Wata guda na yi ina yawo da dosiyen fakon nan. Madawa, Buza, har Tawa na je sau biyu. Ko'ina kiriz. Tayar motona ta fashe a hanyar Sabon Gida na tura ta da ƙafa. Agali ya aiko sau biyu yana cewa samari sun fara ɗaure kaya. Ana saura kwanaki a ɗauki azumi sai wani kamfanin albasa da sufuri ya kira ni. Mai kamfanin wani Alhaji ne da ya tsufa, ɗansa ne direkta, yaro mai karatu, ya girmi ƴaƴana da kaɗan.

Ya ce, “Baba Illa, zauna. Kai ma ka san halin da ake ciki. Amma cikin gari ana cewa Alhaji ya karye. Masu kawo mana kaya sun fara jin tsoro. Muna da hatsi ajiye a magaza. Alhaji zai fitar da sadakar azumi, mota guda, a gani, a ji a rediyo. Garin nan naka ya yi mana, akwai nisa, akwai talauci.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, mutanen nan aiki suke yi. Gudummuwa suka ce.”

Ya kwashe da dariya. “Gudummuwa? Biki suke yi? Ko Alhaji surukinsu ne? Baba, sadaka ake ba mabuƙaci. Ita ke da lada, ita mutane ke ganewa. In an ce gudummuwa, wa zai san Alhaji ne a sama?”

Ya turo mini takarda. A rubuce yake cewa za a rataya zane mai sunan kamfani, da kalmomin sadakar Alhaji ga mabuƙata, kuma za a ɗauki hoto. Na karanta sau biyu. Na tuna mota guda ta hatsi, na tuna wata guda na ƙofofi a rufe. Na fiddo tampo na buga. Ina saukowa daga bene ina gaya wa kaina cewa zane ai tsumma ne, rubutun boko ne, wa zai karanta a can? Su ci hatsinsu, Alhaji ya ci sunansa, kowa ya tashi lafiya. Har ina jin na yi wayo.

Da na dawo na ce wa Hajiya an samu. Ta ce, “Da wane suna?” Na ce, “Yadda suka ce.” Ita ma na yi mata ƙarya. Washegari na hau moto na je na gaya wa Agali cewa wani Alhaji ya ji labarin fakonsu, zai kawo gudummuwa. Ya kama hannuna da hannu biyu.

Ranar rabon, cikin azumi ne, da hantsi. Mutanen gari suka share fili, suka shimfiɗa tabarmi. Maza suka bar aiki da wuri suka sa rigunan Juma'a. Suka jera diga da shebur a gefe don baƙi su ga da me ake aikin, suna shirin kai direkta ya ga fakon da idonsa. Har rago suka ɗaure a gindin itace, duk da halin da suke ciki, don baƙo ya tafi da shi ya sha ruwa. Motar hatsi ta shigo mata suna guɗa. Aka rataya zanen tsakanin mota da itace. Kamar yadda na zata, ba wanda ya kula shi.

Abin da ban sani ba shi ne kamfanin ya zo da sanƙira, maroƙi mai shela. Sai ga shi ya sauko daga ƙaramar mota da amsa-kuwwa a hannu, ya gyara hula ya buɗe murya.

“Jama'a! Ga sadakar Alhaji, uban marayu, mai ciyar da miskinai! Ga sadaka ga waɗanda ba su da na buɗa-baki! Wanda ya ji sunansa ya matso, ya durƙusa gaban buhu a ɗauki hoto, ya yi wa Alhaji addu'a!”

Guɗa ta ɗauke. Ya duba takardar sunaye. Ni na rubuta ta, kuma don girmamawa na sa dattijon a farko.

“Agali!”

Agali bai motsa daga tabarma ba. Ya juyo ya nemi inda nake.

“Illa, kunnena ya tsufa. Mi wanga bawan Allah ya ce?”

Na ce, “Baba, maganar maroƙa ce, ka san bakinsu.”

Ya nuna zanen da sandarsa. “To wancan ba bakin maroƙi ba ne. Rubutu ne. Kai ka yi lakwal. Karanta mini.”

Duk gari na dubana. Direkta na duban agogo. Zan iya ƙara wata ƙaryar, ba mai kama ni a wurin. Amma bakina ya ƙi. Na karanta masa yadda yake a rubuce.

Ya ce, “Yau anka rubuta shi?”

Na ce, “A'a, Baba.”

“Ranar da ka zo ka ce mini gudummuwa, ka san da shi?”

Na ce, “Na sani.”

Ya dafa sanda ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya je gaban direkta ya ce, “Ɗana, ka gaida mahaifinka, ka ce mun ga alherinai. Ragon can naku ne, ku tahi da shi. Hatsi kuwa a kai wa masu shi, mu ba mu ne ba.” Ya ɗauki digarsa daga cikin jerin, ya saɓa a kafaɗa, ya shige gida da rigarsa ta Juma'a.

Dattawa suka bi shi, da yawancin maza. Wasu suka tsaya, galibi mata masu ƙananan yara da gidajen da ba su da komai. Suka durƙusa, aka ɗauke su hoto, suka ɗauki buhu suna rufe fuska da gyale. Ban ga laifinsu ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Mota ta koma da fiye da rabin kayanta. Direkta ya ce mini ta taga na kunyata Alhaji, kada in sake taka ofishinsu. Da yamma rediyo ta ce an yi rabon sadaka lami lafiya.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar muni. Gari ya rabu biyu, waɗanda suka karɓa da waɗanda suka ƙi. Masu karɓa ba su son haɗa ido da kowa, masu ƙi suna kwana da yunwa suna jin ƙamshin tuwon maƙwabta. Mutanen da ba su gaisawa ba su yin gayya. Aikin fako ya tsaya. Kafin salla samari suka watse bida, har da ƴaƴan Agali biyu. Da ruwa ya sauka ya tarar da ramuka rabi a haƙe, duwatsu a tare ba a jera ba, ya bi ta tsakani ya wuce.

Hajiya ba ta kore ni ba. Ta sa na zauna na faɗa mata komai, sannan ta ce, “Na aike ka ka nemo wa mutane hatsi, ka je ka nemo wa Alhaji mutane. Tashi ka ba ni wuri, gobe ka zo aiki.”

Sai bayan damina na iya komawa garin. Na tarar da Agali a zaure yana tufkar igiya. Ya amsa sallamata, ya tura mini buzu. Na roƙi gafara, na fara ba shi labarin wata gudan da na yi ina yawo, da kiriz, da tayar da ta fashe. Ya bar ni har na gama.

Ya ce, “Illa, na yarda ka sha wuya. Kuma na yafe, don ni ma ina son a yafe mini. Amma ka san mi ka yi? Da ka zo ka ce, Agali, ba a samu gudummuwa ba, sadaka anka samu, ga zane ga hoto, da na tara gari mun zauna. Yunwa ta yi yawa bana. Wataƙila da mun ce a kawo, mu haɗiye. Wataƙila da mun ce a ba mata cikin gida, ba fili. Wataƙila da mun ƙi, mu ƙi gaba ɗaya, mu koma fakonmu tare. Mu za mu zaɓa. Kai ka zaɓa muna, don ka ga ba mu karatu.”

Ya ci gaba da tufkarsa. Da zan tashi ya ce in gaida Hajiya, kuma in akwai wani abu nan gaba, ta aiko wani ba ni ba.

Na sha jin masu cewa girman kai ne ya cuci dattijon nan, wai mai jin yunwa ba ya zaɓen kalma. Wani ma'aikacin babban furoje na masu ba da agaji ya faɗa mini haka a taro a Tawa, yana shan ruwan gora. Na ce masa shi bai taɓa durƙusawa a gaban buhu ba, gara ya kama bakinsa. Har yau ina nan a kan haka. Agali bai yi kuskure ba, masu karɓa ba su yi kuskure ba. Direkta ma bai ɓoye abin da yake so ba, a takarda ya rubuta. Mutum ɗaya ne ya san maganar ɓangare biyu ya riƙe a cikinsa, shi ne mai jaka da tampo.

Ban bar aikin ba, kuma ban sunkuyar da kai a ofishin kowa ba. Daga shekarar, duk takardar da kamfani ya turo mini, ba na buga tampo a kan teburinsu. Ina sa ta a jaka, in hau moto, in je in karanta wa mutanen da abin ya shafa, da Hausa, kalma bayan kalma, har abin da za a rubuta a zane da wanda zai riƙe amsa-kuwwa. Wasu direktoci suka ce Illa ya cika taurin kai, a lokacin kiriz ba a jan rai. Kamfani biyu suka daina amsa gaisuwata. Su je. Wani mai gidan mai kuwa, da na dawo masa da amsar wani gari, ya karɓi biro ya soke kalmar da hannunsa ya ce shi ma kakansa manomi ne. Akwai garuruwan da suka ji an ce sadaka suka ce a kawo, mun gode. Na kai musu da farin ciki, don su suka ce.

Yanzu ga shi lokaci ya sake tsuke, na ga kuna ta aika saƙonni ba amsa. Za a kai ranar da wani zai kira ku ya ce ga mota guda, ga takarda, sa hannu yanzu kafin ya canza shawara. Za ku gaji, za ku tuna mutanen da ke jira, kuma hannunku zai kai ga tampo da kyakkyawar niyya. Nawa ma da kyakkyawar niyya ya kai. Abin da nake roƙonku, don Allah, ku naɗe takardar ku sa a jaka. Ku je ku zauna a tabarmar mutanen ku karanta musu ita da babbar murya, kada ku tsallake ko kalma guda. In sun ce e, ku kawo musu. In sun ce a'a, ku ɗauki a'ar nan ku hau bene da ita, ku ajiye ta a kan teburin direkta yadda suka ba ku.